Ƙaramin Kan Jirgi na Layin Kabo

Babu layin dogo a Kabo, babu a Gwarzo, kuma ba a taɓa yi ba. Mai son ganin jirgin ƙasa sai ya shiga Kano, a can ɗin ma a waɗannan shekaru sai ya taki sa'a, domin yawancin jiragen a tsaye suke, ciyawa na tsirowa a tsakanin ƙafafunsu. Duk da haka, a shekarar da ta biyo bayan ƙaddamar da shari'a, Malama Ummu Hani ta shimfiɗa layin dogo daga Kabo zuwa Gwarzo a kan tsofaffin ƙyamare biyu, a ɗakin koyon fasaha na makarantar 'yan matan da take koyarwa.

Ba sha'awa ce ta sa ta ba. Lokaci ne na tsuke bakin aljihu, alli ma sai an karya shi biyu ake raba wa malamai. Sai ga saƙo daga ofishin ilimi na shiyya cewa za a rage darussan da ke cin kayan aiki. Duk makarantar da ke son a bar mata darasin fasaha, ta kawo abin da ɗalibanta suka haɗa da hannunsu zuwa baje kolin da za a yi a Gwarzo, kuma abin ya yi aiki a gaban sufeto. Wadda nata ya ƙi motsi, a rufe ɗakin, a mayar da mai koyarwar wani darasi.

Hajiya Uwaliya, shugabar makarantar, ta karanta wa malamai saƙon, sannan ta dubi Ummu Hani ta saman tabarau.

"Ke kam ba ki da asara. In an rufe, ga ajin girki can ba malama."

"Ban karanta girki ba, Hajiya."

"Ai mace ba ta karanta girki. Da shi ake haihuwarta."

Malamai suka yi dariya. Ummu Hani ba ta yi ba. 'Yar Malam Ɗalha ce, mai makarantar Islamiyya a Gwarzo, kuma ita kaɗai ce mace a ajinsu lokacin da ta yi karatun koyar da fasaha a Kano. A can ta saba da irin wannan dariyar. Duk ranar aikin katako, zarton da ya fi dakushewa shi mazan ajin ke bar mata, ita kuma ta koyi wasa zarto tun kafin ta koyi yanka da shi. Kullum da safe tana shiga motar haya daga Gwarzo zuwa Kabo, jakarta da filaya da sukundireba a ƙarƙashin hijabi.

Wanda ya kawo maganar jirgi shi ne Mista Shadrak, malamin lissafi, mutumin Kafanchan da ya daɗe a Kabo har yara na gaishe shi da Baba. Tun bayan rikicin Kaduna matarsa Anastasia ta kwashe yara ta koma gida, shi kuma yana jiran ƙarshen zango ya bi su. Ba wanda ya kore shi, ba kuma wanda ya ce masa ya zauna. Yana cikin tattara kayansa ne ya ɗauro wani akwatin ƙarfe a bayan babur, ya dire shi a ɗakin Ummu Hani.

"Na babana ne," in ji shi. "A shagon gyaran jirgi ya yi aiki. Wani Bature ya bar masa da zai tafi. Mu dai da muna yara kallo kawai ake barin mu mu yi, in ka taɓa ka sha rankwashi."

A cikin akwatin akwai siraran ƙarafan layi masu lanƙwasuwa, da ƙananan taragai, da kan jirgi guda biyu a naɗe cikin tsohuwar riga. Na farkon kore ne shar, dogo, ya fi taƙi guda, da manyan ƙafafu jajaye a jere da zanen ruwan zinare a gefe. Na biyun baƙi ne, gajere, fentinsa duk ya ɓare, ƙafafunsa 'yan ƙanana a matse wuri ɗaya.

"Wannan babban na ƙasar Baturen ne, shi ke jan manyan mutane daga birni zuwa birni. Wannan kuwa irinsa ne ke kai-kawo a cikin tasha, yana turo taragan gyaɗa. Babana ya ce bai taɓa ganin wanda ya ɗauki hotonsa ba."

Kafin a tashi makaranta 'yan aji sun raɗa musu suna. Babban Ango, ƙaramin Dutsen Guga.

Doka ɗaya Ummu Hani ta kafa wa ɗalibanta. Su gina ƙasarsu yadda take.

"Kada wadda ta gina mini benen da ba ta taɓa gani ba. In ƙauyenku rijiya ɗaya ce, rijiya ɗaya nake so in gani."

Suka ɗebo yumɓu daga kududdufin bayan makaranta. Suka yi rumbuna da ɓawon karan dawa, suka jera tsinken ashana a ƙarƙashin ƙarafan layi, suka binne fasasshen madubi ya zama ruwan madatsa. Ana cikin haka kwamitin shari'a na gari ya ji labari, ya aiko cewa ba laifi a yi gidaje da itatuwa, amma ban da mutum-mutumi, ban da dabba. Wata yarinya ta riga ta ƙera jaki da mai shi, sai ta murƙushe su ta mayar da su turmi. Garuruwan suka zama fayau kamar an yi gudun hijira. 'Yan matan ba su yi gardama ba, wata dabara suka yi. Suka jera 'yan mitsi-mitsin takalma a ƙofar masallaci, suka ɗora tukunya a murhu, suka shanya ƙyallaye a igiyar zare, suka jingine garma a bakin gona. Ba mutum ko ɗaya, amma duk wanda ya duba ya san mutanen suna nan, sun ɗan shiga ciki ne. Tarago ɗaya kuma suka rataya masa koren labule, suka ce na mata ne.

Kuskuren yana wajen shimfiɗa layin. A cikin ɗakin kaf babu wadda ta taɓa shiga jirgin ƙasa, har da Ummu Hani. Ita ta san yadda wuta ke bi ta ƙarafan ta shiga injin, ta san yadda za ta zana shi a allo, amma ba ta taɓa jin yadda jirgi ke shan kwana ba. Don haka suka shimfiɗa layin yadda suka san hanya, wato suka bi titin mota. Inda titi ya miƙe suka miƙe, inda ya karya suka karya.

A wani ƙauye ta wajen Gammo titin yana yin wata muguwar kwana. Lokacin da aka zo yin sa, dattawan garin sun ƙi yarda a ratsa makabarta, dole ya kewaye ta. Ƙauyen su Hajjo ne, wata doguwar yarinya mara yawan magana da ke zama a layin baya. Ita ta gina wannan yankin. Ta yi makabartar da shingen ƙaya na gaske, ta jera ƙananan tudun ƙasa, kowanne da ɗan ɓallin fasasshiyar tukunya a kansa kamar yadda ake yi. Ba jerawa kawai ta yi ba. Ta san na wane ne kowanne. Na gefen gabas kusa da shinge na mahaifiyarta ne, wadda ta rasu daminar da ta wuce. Layin ya zo ya kewaye shingen, aka kafe shi da ƙananan ƙusoshi, yumɓu ya bushe a kansa.

Ranar gwaji Mista Shadrak ya ciro batirin babur ɗinsa. Ummu Hani ta ɗora Ango a tashar Kabo, ta maƙala masa taragai, ta taɓa waya. Ya zabura. Ƙafafun nan jajaye suka shiga juyawa, sandunan gefensu na kai da kawo, ya wuce kasuwa, ya wuce madatsa, wata yarinya ta manta a makaranta take ta rangaɗa guɗa. Ya iso kwanar makabarta, ƙafafun gaba suka hau kan ƙarfe, ya kife a kan shingen ƙaya, taragai suka biyo shi.

Aka sake, a hankali. Ya sake kifewa. Aka cire taragai aka sake shi shi kaɗai. Duk ɗaya.

Mista Shadrak ya tsuguna ya daɗe yana kallon kwanar, sannan ya yi tsaki, ya ce laifinsa ne da bai leƙo ba lokacin da ake kafa ƙusoshi.

"Malama, jirgi ba mota ba ne, ba shi da sitiyari. Dubi ƙafafunsa, duk a sanda ɗaya suke, ba sa lanƙwasa. Irin wannan sai kwana mai faɗi, wadda za ka yi ta tafiya ba ka ma san ana juyawa ba. Wannan kwanar taku ta ɗan acaɓa ce."

Ya ɗora Dutsen Guga. Ya tashi da gurnani, ya yi tafiyar tsohuwa, ya tsaya a gaban kasuwa ba dalili sai da aka ɗan taɓa shi. Amma da ya zo kwanar, ya yi ƙara ƙii, ya karkata, ya wuce.

Ba wadda ta yi guɗa.

Da labari ya kai ofis Hajiya Uwaliya ta zo da kanta. Ta sa aka nuna mata duka biyun, ta kalli faɗuwar Ango, ta kalli rarrafen ɗayan.

"Makarantun maza za su zo da injin ban ruwa, mu kuma mu je da dutsen guga? Ango za a kai. A miƙe layin."

"Babu inda zai bi, Hajiya, sai ta nan."

"To ya bi ta nan. A kankare wannan tarin ƙasar."

"Makabarta ce."

"Yumɓu ne, Ummu Hani. Daga bayan bangon can aka ɗebo shi, ina kallo." Ta gyara mayafi. "Sufeto da ido zai yi hukunci. Abin da ya burge shi shi zai bari. Wannan baƙin kuma kin ga yadda yake tsayawa. In ya tsaya miki a gabansa, ɗakin ya tafi. Ni ba ƙin ki nake yi ba, aikinki nake tsare miki."

Abin da ya fi damun Ummu Hani shi ne Hajiya ba ta yi ƙarya ba. A miƙaƙƙen layi Ango ba ya kuskure. Dutsen Guga kuwa yau ya tafi, gobe ya ƙi. Kuma ita kanta Ango take so. Ta riga ta hango shi yana gudu a tsakiyar zauren baje koli, ta hango fuskokin malaman fasaha na makarantun maza, waɗanda biyu daga cikinsu 'yan ajinsu ne masu bar mata dakusasshen zarto.

Bayan an tashi ta ɗauki wuƙar aiki ta tsaya a kan kwanar. Aikin bai kai na rabin yini ba: a zare ƙusoshi, a share wurin, a miƙe ƙarfe. Ba ta ji shigowar Hajjo ba sai da yarinyar ta yi magana.

"Malama, in za a cire, ki bari ni in cire."

"To zo ki cire."

Hajjo ta karɓi wuƙar ta riƙe. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɓata rai ba. Ta dai dubi ƙyamaren daga wannan gefe zuwa wancan, kamar mai neman wuri.

"Ina za a mayar da su?"

A ran Ummu Hani kwandon shara ne, amma bakinta ya ƙi faɗa. Ta karɓe wuƙar ta jefa a aljihun tebur, ta ce a bari sai gobe.

Da la'asar ta sami mahaifinta a zaure bayan ɗalibansa sun watse. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya tambayi makaranta, ya tambayi hanya, ya tambayi Hajiya da mutanen Kabo.

"Injiniya, yau fuskarki kamar an ƙwace miki guduma."

Ta kwashe labarin ta gaya masa, ta ƙare da tambayar da ta zo da ita: akwai laifi a shari'a in an rushe makabartar yumɓu?

"Babu," in ji Malam Ɗalha. "Ko da ƙafa kika taka ba ki da zunubi. Hajiyarku ta yi gaskiya, yumɓu ne."

"To shi ke nan, Baba."

"Shi ke nan ta wajen hukunci. Ai hukunci kika tambaya." Ya jawo littafinsa, ya buɗe, sannan ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Wa ya ce wa yaran su gina garin yadda yake?"

"Ni ce."

"To."

Ta zauna kaɗan ko zai ƙara, ta ga ya nutsa a karatu, ta tashi.

Washegari ta wuce ofishin shugaba kafin ta ajiye jaka.

"Hajiya, Ango zai je Gwarzo, amma ba zai yi tafiya ba. Ƙaramin ne zai ja taragai. Layin yana nan yadda yake."

Hajiya Uwaliya ta cire tabarau ta ajiye.

"Umarni na ba ki."

"Na ji. Ɗalibaina ne, kuma ni za a rufe wa ɗaki."

"To ki ji nawa. In ya tsaya miki a gaban sufeto, kada ki zo nan ki ce in roƙar miki kowa. Ki wuce kicin kai tsaye, tukwane na jiranki."

"Na yarda."

Daga ranar Hajiya ta daina amsa gaisuwarta sai da kai. Aka ɗauke dogon bencin ɗakin fasaha aka ce ana bukatarsa a wani aji, 'yan mata suka koma aiki a tsugune. Ummu Hani ba ta je ta tambaya ba. Ta kwance Dutsen Guga gaba ɗaya a kan farin ƙyalle, tana nuna wa ɗalibai kowane ɓangare da aikinsa. Ta wanke dattin shekaru da kananzir da gashin kaza. Ta ɗiga masa man keken ɗinkin mahaifiyarta. Ta lura ba shi da nauyi, shi ya sa ƙafafunsa ke sakin ƙarfe wuta ta yanke, sai ta narka dalma daga wani mataccen batir ta cusa masa a ciki. Dalmar ta ƙona mata yatsa biyu, ta naɗe su da tsumma ta ci gaba. Kowace safiya yara biyu na goge layin da samfefa daga Kabo har Gwarzo. Ya daina tsayawa a kasuwa. A kwanar makabarta dai har yanzu yana jan ƙafa, wata rana ya wuce, wata rana sai an hura masa baki kamar wuta.

Ango kuwa suka yi masa ɗan gajeren layi a gefen tashar Gwarzo suka ajiye shi. Wata yarinya da ta taɓa raka yayarta asibiti a Kano ta ce ta ga irinsa ta tagar mota, kuma ciyawa ce har gindinsa. Suka tsinko gashin tsintsiya, suka rina kore, suka dasa masa tsakanin ƙafafu. Mista Shadrak ya gani ya yi dariya har da riƙe ciki, daga baya kuma ya juya ya fita.

Ranar baje koli aka ɗora ƙyamaren a bayan akori-kura, 'yan mata suka zauna kewaye suna tallafe da su. Kafin a isa Gwarzo gargadar hanya ta tsaga madatsa, ta karya hasumiyar masallacin Kabo. Suka liƙa ta da ƙaro a bakin ƙofa.

An raba zauren da igiya, maza a dama, mata a hagu. Ta ɓangaren maza akwai injin ban ruwa da aka haɗa da kan tsohon babur, da fanka mai aiki da batir wadda tun safe ake fama da ita ta ƙi juyawa. Iyaye da 'yan kallo sun cika tagogi. Sufeton, Malam Datti, dattijo ne mai fama da mura, yana tafe yana share hanci, kuma kowa ya ga so yake ya gama kafin azahar. Ya iso teburinsu Hajiya Uwaliya na biye da shi. Mazan da ke bayan igiya suka matso har igiyar ta yi ciki.

Ya dubi garuruwan, ya ɗan tsaya a kan takalman ƙofar masallaci. Sannan idonsa ya faɗa kan Ango.

"Ma sha Allah. To a tayar da shi mu gani."

"Ba shi ne zai tafi ba, ranka ya daɗe," in ji Ummu Hani. "Ya yi wa layin tsawo. Ga mai tafiyar nan."

Ya dubi Dutsen Guga, ya dubi Hajiya. Hajiya ta dubi silin.

"Me ya hana kyakkyawan?"

"Ba zai sha waccan kwanar ba."

"To ku miƙe layin mana. Me ke nan a tsakiya?"

Ummu Hani ta buɗe baki, amma Hajjo ce ke riƙe da wayoyin batir, kuma dokar baje kolin ta ce ɗalibi ne zai yi bayani.

"Makabartar garinmu ce, Malam," in ji Hajjo.

Malam Datti ya sunkuya ya ga tudun ƙasar da ɓallin tukwane. Ya ce, "Uhm." Ya miƙe ya share hanci. "To bismilla."

Hajjo ta taɓa waya. Dutsen Guga ya yi gurnani ya bar tashar Kabo, taragai uku a bayansa, na ƙarshe da koren labule. Wani daga bayan igiya ya ce ko kunkuru ya fi shi sauri. Ya wuce kasuwa. Ya wuce tsagaggiyar madatsa. Ya shiga kwanar, ya karkata, ya rage gudu, ya ƙara ragewa, har ya zama ba a iya cewa tafiya yake ko tsayuwa, daidai gefen shingen gabas.

Ummu Hani ta sa hannuwanta a baya ta riƙe ɗaya da ɗaya. In ta taɓa shi, an gama.

Sai wani tsoho da ke leƙe ta taga, mai yiwuwa bai ma san ya yi magana da ƙarfi ba, ya faɗi abin da ake faɗa in mota ta zo wucewa ta gefen makabarta.

"Allah ya jiƙan musulmi."

"Amin," in ji zauren, maza da mata, da sufeto, da masu fanka. Ummu Hani ta ga leɓen Hajiya Uwaliya ya motsa tare da na kowa.

Jirgin ya yi ƙii, ya ja jiki, ya fita daga kwanar. Ummu Hani ta san dalilin tsayawarsa: ƙurar hanya ce ta kwanta a kan ƙarfen wurin, kuma sun manta da samfefa a Kabo. Ba ta gaya wa kowa ba.

Ya shiga tashar Gwarzo ya tsaya kusa da Ango. Hajjo ta sauya wayoyin, ta dama ta koma hagu, ta yi bayanin dalili a taƙaice kamar yadda aka koya mata. Jirgin ya kamo hanyar Kabo yana tura taragai.

"Kai, da baya yake tafiya!" in ji wani ɗalibi daga ɓangaren maza.

"Taku fankar ko gaban ba ta yi ba," wata yarinya ta mayar masa, aka kwashe da dariya har da malamansu.

A dawowa bai ko yi jinkiri a kwanar ba. Malam Datti ya jira har ya tsaya a Kabo.

"Ya je, ya dawo," ya ce, ya yi rubutu. "A bar musu darasinsu. Baɗi kuma a sake gani." Har ya juya sai ya waiwayo. "Amma Malama, a taimaka a shafa masa fenti."

Injin ban ruwa ne ya zo na ɗaya. Makarantarsu ba a ko ambace ta a cikin masu kyauta ba. A hanyar komawa Hajiya Uwaliya, wadda ke gidan gaba, ta leƙo ta taga ta yi wa Ummu Hani magana karo na farko tun ranar ofis.

"Da Ango ne, da mu muka zo na ɗaya."

"Wataƙila, Hajiya."

Ba a dawo da bencin ba.

Da zango ya ƙare Mista Shadrak ya zo sallama. Ya ce akwatin da duk abin da ke ciki na makaranta ne. Ummu Hani ta ciro Ango daga cikin ciyawarsa, ta goge shi, ta naɗe shi a tsohuwar rigar da ya zo a ciki.

"Ka kai wa ɗanka Leonard. Ku kuna da layin gaske a garinku, ya san abin da yake kallo."

"In ya taɓa in rankwashe shi?"

"Ka bar shi ya taɓa."

Ya karɓa ya sa a jaka. Ya tsaya kallon ƙyamaren na ɗan lokaci, ya nuna wani ɗan gida mai jan ƙyaure a bayan kasuwar Kabo ya ce ashe har nasa sun gina. Ta ce ai yadda garin yake aka ce su gina. Ya ce to kada a rushe. Ta ce ba za a rushe ba. Ya hau babur ɗinsa ya tafi, batirin da ke tayar da jirgin ya tafi tare da shi.

Bayan hutu Ummu Hani ta shigo da wani batir da ta karɓo wajen mai gyaran rediyo, ta ɗauko shi a cinya tun daga Gwarzo. Ta tarar da Hajjo a tsugune a gaban ƙyamaren da ɗan curin yumɓu a tafin hannu.

"Me kuma ya karye?"

"Ba abin da ya karye, Malama. Inna Marka ce ta rasu a hutun nan, maƙwabciyarmu."

"Allah ya jiƙanta. A ina aka sa ta?"

Hajjo ta nuna wani ɗan fili a cikin shingen, ta kudu.

Ummu Hani ta sunkuya ta auna tazarar wurin da layin da ɗan yatsanta mai tabon dalma.

"Sa ta. Ki dai kula kada yumɓu ya taɓa ƙarfe."

Ta ajiye batirin a ƙasa, ta ɗauki samfefa, ta fara goge layin daga tashar Kabo.